Zambon siyasa da 'yan tsana: wanne za a kalla, wanne za a bari?

Ɗan Fage: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Taimako nake nema. Kundin kammala digirina a kan zambon siyasa da 'yan tsana ne, wato finafinai da shirye-shiryen da ake ƙera siffar shugabanni da roba ko katako a yi ta yi musu ba'a. Malamina ya ce in kawo misali huɗu aƙalla, kuma kada duk su fito daga Amurka. Ni Team America kaɗai na sani, shi ma labarinsa nake ji. Wa ya taɓa gani?

Sarkin Silima: Wa alaikumus salam. Na gani, ba sau ɗaya ba. Team America: World Police, na 2004, aikin Trey Parker da Matt Stone masu South Park. Tun farko dai, kada ka kunna shi a falo. Ka jira yara su yi barci, ka sa abin kunne.

'Yan tsanan irin masu zare ne da ake ja daga sama, kuma da gangan aka bar zaren a fili kowa na gani, don kwaikwayon wani tsohon shirin yara na Ingila, Thunderbirds. Labarin wasu zaratan Amurka ne da suka naɗa kansu 'yan sandan duniya, mazauninsu a cikin dutsen Rushmore mai fuskokin shugabanni. Fim na buɗewa suka dira Paris farautar 'yan ta'adda, kafin su gama sun kayar da hasumiyar Eiffel, sun ragargaza gidan tarihi na Louvre, sannan suka juyo suna gaya wa mutanen gari su kwantar da hankali, an cece su. A Masar ma dalar Fir'auna ba ta tsira ba. Ka tuna shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan da mamaye Iraƙi, kuma an saki fim ɗin a Oktoba, saura mako biyu da 'yan kwanaki zaɓen Bush da Kerry.

Mugun da ke cikin fim ɗin shi ne Kim Jong-il, shugaban Koriya ta Arewa na lokacin. Wurin da ya fi kashe ni da dariya shi ne zuwan Hans Blix, mai binciken makamai na Majalisar Ɗinkin Duniya. Duk barazanar da ya iya yi wa Kim ita ce in bai yarda a duba fadarsa ba za su rubuto masa wasiƙar nuna fushi. Kim ya danna maɓalli, Blix ya zurma cikin tankin kifayen shak. Kifayen na gaske ne, masu rai, suna yagar ɗan tsana.

Maman Walida: Sarkin Silima ka faɗi zaƙin ka ɓoye ɗacin. Ɗan Fage, ƙanena, batsar da ke ciki ta wuce yadda kake zato. Akwai wurin da 'yan tsana biyu ke abin da baki ba ya faɗa, wanda sai da aka yi ta yankewa ana mayar wa hukumar da ke rarraba finafinai ajin shekaru kafin ta cire shi daga aji mafi tsanani. Akwai kuma inda jarumin ke kelaya amai a lungu kamar an ɓalle famfo, ba ya ƙarewa. Ni nan na kashe.

Alaramma: Ni ba batsar kaɗai ce ta dame ni ba. Larabawa da Musulmin fim ɗin ba harshe aka ba su ba, wani surkulle ne mara ma'ana, kuma har sunan Ma'aiki (SAW) ake cusawa cikinsa don a yi dariya. Jarumin da aka tura leƙen asiri shafa masa baƙi aka yi a fuska, aka liƙa masa gashi, aka ɗora masa tawul a ka, wai ya zama Balarabe. Duk wanda zai ba da shawarar fim ɗin nan, amana ce ya faɗi wannan.

Sarkin Silima: Gaskiyarka Alaramma, na yi kuskure da ban fara da shi ba. Masu kare fim ɗin cewa suke jahilcin Ba'amurke ake wa dariya, wanda a kunnensa duk Larabci haka yake.

Alaramma: Haka suke faɗa. Amma matashin da ya fito daga silima yana maimaita surkullen a titi, ba Ba'amurke yake tsokana da shi ba.

Baba Mai Rediyo: Yaro, ga abin da za ka rubuta a kundinka in ka ga dama. Ka kalli fim ɗin nan daga farko har ƙarshe ka nemo mini ɗan tsanan George Bush. Babu. Wanda ya ba da umarnin yaƙin ba a taɓa shi ba. Waɗanda suka sha wuta su ne 'yan fim masu adawa da yaƙin: Alec Baldwin, Sean Penn, Tim Robbins. Matt Damon aka mai da shi wawan da sunansa kaɗai ya iya faɗa, Michael Moore kuma ɗan ƙunar baƙin wake. Sean Penn har wasiƙar fushi ya aika musu. To wannan zambo ne da ya ga zaki ya kauce, ya tsaya dukan karnukan da ke haushi.

In aikin gaske kake so, nemi Spitting Image na Ingila, tashar ITV, daga 1984 zuwa 1996. Peter Fluck da Roger Law ne suka ƙera 'yan tsanan, da roba, manya-manya, an kumbura hanci da leɓe da kunne. A ganiyarsa mutum miliyan 15 ke zama kallo daren Lahadi. Margaret Thatcher kwat ɗin maza suke sa mata, da sigari a baki, tana dukan ministocinta. Akwai fitowar da ta kai su gidan abinci ta zaɓi nama, mai hidima ta tambaye ta kayan lambu fa, sai ta nuna ministocin ta ce su ma abin da ta ci za su ci. A Turanci in aka kira mutum kayan lambu, ana nufin kansa fanko ne. John Major kuwa, firaministan da ya gaje ta, toka-toka suka yi shi tun daga gashi har fata, yana zaune da matarsa yana cin koren wake shiru. Reagan kullum ana cigiyar ƙwaƙwalwarsa da ta ɓata. Gidan sarauta ma bai tsira ba, uwar Sarauniya ba ta rabuwa da kwalba.

Akwai ƙazanta a ciki, kada in ruɗe ka. Wani jigon jam'iyyar Labour, Roy Hattersley, duk maganar da zai yi sai yawu ya yi feshi. Amma sama suke jifa.

Ɗan Fage: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Su 'yan siyasar ba su kai ƙara ba?

Baba Mai Rediyo: Wasu sun ji ciwo. David Steel, shugaban jam'iyyar Liberal, ɗan mitsitsi suka yi shi a aljihun abokin ƙawancensa David Owen, kuma mutane da yawa na ganin hoton nan ya rage masa kwarjini. Amma yawancinsu abin da ya fi ba su tsoro shi ne a ce ba su kai a ƙera su ba. An dawo da shirin a 2020 da su Boris Johnson da Trump, bai yi armashi ba, 2022 aka rufe. Tsofaffin za ka nema, suna nan birjik a YouTube.

Na-Damagaram: Salamu alaikum. Ku mutanen Najeriya kullum Ingila da Amurka. Mu nan da Les Guignols de l'info muka tashi, na tashar Canal+ ta Faransa, tun 1988 har 2018. Labarun ƙarya ne na 'yan mintoci kowane dare, ɗan tsanan wani shahararren mai karanta labarai, Patrick Poivre d'Arvor, ke gabatarwa. Ɗan Fage, ga abin da zai ba malaminka sha'awa: wani lokaci zambo gyara mutum yake. Kafin zaɓen shugaban ƙasar Faransa na 1995 sun nuna Jacques Chirac a matsayin bawan Allah da abokinsa Balladur ya ci amanarsa, wuƙaƙe soke a bayansa, yana ta kiran jama'a su ci tuffa. Matasa suka ƙaunace shi, ya ci zaɓe, har yau ana gardamar ko 'yan tsanan ne suka taimake shi. A 2002 suka dawo suka sa masa rigar jarumi da suna Babban Maƙaryaci. Ya sake ci.

Suna kuma da Monsieur Sylvestre, mai fuskar Sylvester Stallone, shi ne Amurka gaba ɗayanta: yau janar ne, gobe shugaban kamfanin da ya mallaki duniya. A ganina ya fi Team America iya faɗin abin da Team America ke son faɗa, kuma ba sai an yi amai ba.

Ƙarshensu ma darasi ne. Attajiri Vincent Bolloré ya karɓi ragamar Canal+ a 2015, aka sallami marubutan, aka mayar da shirin sai mai biyan kuɗi ke gani, bayan shekara uku ya mutu. Bolloré ɗin nan dai da ya shimfiɗa mana dogo daga Yamai zuwa Dosso, muna nan muna jiran jirgi.

Mai Zaure: Na-Damagaram, a bar maganar dogo, za ta kai mu wani gari.

Baba Mai Rediyo: Tunda an zo kan yadda ake kashe su, sa Kukly na Rasha a jerinka. Tashar NTV, daga 1994, Viktor Shenderovich ke rubutawa. Zamanin Yeltsin an taɓa buɗe musu bincike a 1995 don sun nuna shi a matsayin mabaraci, maganar ta bi ruwa. A farkon 2000 suka nuna Putin a siffar wani mummunan wada na wata tatsuniyar Jamus, wanda aka yi wa tsafi kowa ke ganinsa kyakkyawa. A shekarar aka kama mai tashar, Gusinsky. Afrilun 2001 kamfanin gas na gwamnati, Gazprom, ya ƙwace NTV, 2002 shirin ya tsaya.

Maman Walida: Me ya sa ba wanda ya ambaci na Afirka? The XYZ Show na Kenya, 2009, na mai zanen barkwanci Gado. Bayan rikicin zaɓen 2007 da ya ci rayuka sama da 1,000 suka fito da 'yan tsanan Kibaki da Raila Odinga suna rigimar rabon mulki. Shi wannan za ka iya kallo da mutane a ɗaki ba ka nemi wurin ɓuya ba. Su ne kuma suka yi Ogas at the Top a 2014 a kan Najeriya, da Jonathan da Patience. Afirka ta Kudu na da ZANEWS na su Zapiro mai zanen barkwanci, wanda tashar gwamnati SABC ta ƙi sawa, suka koma intanet.

Sarkin Silima: In ana maganar batsa zalla, akwai Meet the Feebles na 1989. Peter Jackson ne ya yi shi tun kafin ya yi suna da Lord of the Rings. Ban ba ka shawara ba. Siyasarsa ba ta wuce wani kwaɗo da yaƙin Biyetnam ya haukata ba, sauran duk ƙazanta. The Happytime Murders na 2018 ma kada ka ɓata datarka, ba siyasa ba dariya.

Alaramma: Ga wanda zan iya tsaya masa. Top Goon, na wasu matasan Siriya da suka kira kansu Masasit Mati, ƙarshen 2011. 'Yan tsanan yatsa ne, ƙanana, an zaɓe su haka don a iya ɓoye su a wuce shingen sojoji. Bashar al-Assad suka mayar wani shagwaɓaɓɓen yaro mai suna Bishu. Kowane kashi 'yan mintoci ne. Masu yin sun rufe fuskokinsu, don sun san abin da zai biyo baya in aka gane su. Ka ajiye wannan kusa da na Parker da Stone, da kamfanin Paramount ya kashe wa dala miliyan 30 da wani abu, ka tambayi kanka wa ya sa wuyansa.

Na-Damagaram: Kuma kada ka rubuta kamar Turawa ne suka koya mana. Muna da wasan kara, inda samari ke kwaikwayon sarki da gwamna da alƙali a gabansu. Ku kuna da tashe da 'yan kama, ga kuma 'yan dabo-dabo masu wasa da 'yar tsana.

Ɗan Fage: Kai, na samu fiye da abin da na zo nema. Allah ya saka. Zan ɗauki Spitting Image, Guignols, XYZ da Top Goon, Kukly ya shiga babin yadda hukuma ke mayar da martani. Team America kuma ban san yadda zan yi da shi ba, don malamina da bakinsa ya ambace shi.

Baba Mai Rediyo: Sa shi, amma ka sa maganar Alaramma a gefensa. Ka kuma ƙara wannan: a Disambar 2014, da Sony ta janye The Interview, fim ɗin barkwanci a kan yunƙurin kashe shugaban Koriya ta Arewa Kim Jong-un, saboda barazanar masu kutse, wasu gidajen silima a Amurka sun so nuna Team America a madadinsa, Paramount ta hana.

Ɗan Fage: To Baba. Saura matsala ɗaya, ba na jin Faransanci ko kalma guda. Yaya Na-Damagaram, in na turo maka guntaye uku na Chirac za ka fassara mini?

Na-Damagaram: Turo bayan isha'i. Amma ashar ɗin ciki kai za ka nemo wa Hausarsa, ni ba da bakina ba.