Neman kalma: "medal" ta soja, kafin 15 ga Janairu

Mai Shirin Rediyo: Assalamu alaikum. Jibi za mu ɗauki shirin ranar tunawa da 'yan mazan jiya, kan sojojin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, a Yaƙin Duniya na Biyu. Kalmar "medal" ta cika rubutun. In sa lambar yabo a ko'ina?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki yi musu kuɗin goro, iri biyu ne. Burma Star shaidar zuwa fagen daga ce, ta waɗanda suka yi aiki a can tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945. Tauraro ne mai tsini shida, ƙyallensa shuɗi mai duhu, ja a tsakiya, da ratsin ruwan lemo biyu. Military Medal kuwa, wadda Ingila ta ƙirƙiro a 1916 don ƙananan sojoji, sai kwamanda ya rubuta bajintar da mutum ya yi an amince, sannan a zana lambarsa da sunansa a bakin ƙarfen. Idan kika kira su da suna ɗaya, kin danne wa jarumin haƙƙinsa.

Ɗan Bariki: Ai kalmar tana nan: minda. Ita tsofaffin soja ke faɗa. Mindar yaƙi, mindar jarumta, an gama. Ki dai guji kiran ƙyallen igiya, domin a bariki igiya muƙami ce, uku ta saje. Anini kuma na kafaɗar hafsa ne, minda a ƙirjin hagu take.

Mai Kishin Harshe: Minda Turanci ne da baki ya lanƙwasa. Muna da kambu. Ni kambun fama nake ba da shawara. Gwarzo ake ɗaura wa kambu tun kaka da kakanni.

Ɗan Bariki: Malam, kambu a damtse ake ɗaura shi, kuma laya ce. A wasanni ma mutum ɗaya ke riƙe da kambu har a ƙwace. Dubban sojoji ne suka karɓi Burma Star.

Mai Kishin Harshe: Ma'ana tana faɗaɗa. Har yaushe za mu riƙa ɗaukar Hausar bariki muna sa wa a iska? Yara na saurare. Kambun fama ya fi mutunci.

Baƙo daga Damagaram: Hausar bariki ba abin rainawa ba ce, da ita aka yi wa sojojin nan umarni. Amma a lura, masu saurare a Nijar tsarin Faransa suka gada. Croix de guerre, tun 1915, ƙarfenta ɗaya ne, abin da aka maƙala a ƙyallen ke nuna darajar yabon: tauraron tagulla, na azurfa, ko ganyen dabino idan yabon daga matakin rundunar ƙoli ya fito. Lambar yabo dai kowa zai gane ta har Agadas.

Mai Kishin Harshe: To ita lamba daga ina ta zo? Ba daga "number" ba?

Malamin Tarihi: Daga nan ta zo, kuma ta zauna, kamar soja da hafsa da kwamanda. Matsalarta ɗaya: lambar yabo ta haɗa da ta 'yan wasa, lambar girmamawa kuma ta tafi ga irin su GCFR da OON da gwamnatin Nijeriya ke bayarwa. Hajiya, ki yi haka: lambar jarumta ga Military Medal da Victoria Cross, lambar halartar yaƙi ga Burma Star da Africa Star. A ambato na farko ki ce "minda, wato lambar soja". Ɗan ƙarfen da ake ƙarawa a kan ƙyalle idan mutum ya sake cin lambar jarumta iri ɗaya, ki ce ƙarin yabo, kada ki ƙirga shi minda ta biyu.

Mai Shirin Rediyo: Na gode, na ɗauka. Sai dai lambar halartar yaƙi ta yi wa baki tsawo, zan ce mindar Bama bayan ambato na farko.

Mai Kishin Harshe: Lambar jarumta na yarda da ita. Minda ban yarda ba, kuma zan kai kambun fama gaban masana a Jami'ar Bayero.