Ta ina ake fara aikin rigakafin raunuka a asibiti?

Ma'aikaciyar Jinya:
Assalamu alaikum. An ɗora mini nauyin tsara ayyukan rigakafi da wayar da kan jama'a a sashenmu na kula da masu munanan raunuka. Makarantu suna gayyatarmu lacca, direbobi suna so a koya musu agajin farko, shugabannin asibiti kuma suna jiran rahoto a ƙarshen shekara, ga ƙarancin ma'aikata. Waɗanda suka riga ni a wannan aiki, da me ya kamata in fara?

Likitan Tiyata:
Wa alaikumus salam, Malama. Kafin ki amsa kowace gayyata, ki buɗe rajistar sashenku ki duba shekara guda: me ya fi kawo mutane, shekarunsu nawa, daga ina suke, kuma da wane lokaci abin ya same su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haɗuran hanya suna kashe kimanin mutum miliyan 1.19 duk shekara, kuma su ne kan gaba wajen ajalin 'yan shekara 5 zuwa 29. To amma wannan lissafin duniya ne. Mai yiwuwa abin da ke cika gadajenku tsofaffi ne da suka zame a banɗaki ƙugu ya karye, ko ƙananan yara da tafasasshen ruwa ya ƙona. Ki zaɓi matsala ɗaya ko biyu ki tsaya a kansu, sauran su jira.

Jami'in Lafiyar Al'umma:
Na yarda da Likita, sai dai ina jan hankali kada aikin ya ƙare a lacca, domin mai babur zai saurare ki da kyau, ya gyaɗa kai, sannan ya hau babu hular kwano. Wajen shekarar 1970, William Haddon, wani likita a Amurka, ya nuna cewa kowane rauni yana da matakai uku, kafin aukuwa, lokacin aukuwa da bayanta, kuma a kowane mataki a duba mutumin, da abin da ya ji masa ciwo, da muhallin. Idan rajistarki ta nuna mahaɗar hanya guda da ake yawan buge yara, ki kai wa hukumar hanyoyi alƙaluman nan, ba tare da sunayen majinyata ba, ki nemi a rage gudu a wurin. Wannan ya fi lacca goma amfani.

Malamar Agajin Gaggawa:
'Yar'uwa, kada ki yi watsi da buƙatar direbobin nan, domin su ne ke fara isa wurin haɗari kafin motar asibiti. Shirin Stop the Bleed da aka ƙaddamar a Amurka a 2015 yana koya wa jama'a danne rauni da ƙarfi, cusa ƙyalle mai tsabta a ciki, da ɗaure hannu ko ƙafa da maɗaurin tsayar da jini. A bar kowa ya gwada da hannunsa. A rahotonki kuwa, faɗin adadin mahalarta kawai bai isa ba. Ki koma bayan 'yan watanni ki ga ko har yanzu sun iya.

Ma'aikaciyar Jinya:
Na gode ƙwarai. Matsalar ita ce rajistarmu ba ta cika faɗin inda haɗarin ya auku ba.

Likitan Tiyata:
To, aikinki na farko ke nan. Ki zauna da masu karɓar majinyata a ƙara wannan gurbi a takardar shiga, har da tambayar ko mutumin yana sanye da hular kwano ko ya ɗaura bel.