Neman shawara kan daidaita zafi a ƙaramar na'urar kuromatogirafi ta gas

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka saba aiki da ƙananan na'urorin kuromatogirafi na gas (masu rarrabe sinadaran da ke cikin samfur domin a auna su), irin waɗanda ake ɗumama siririn bututun rarrabewa da wayar lantarki kai tsaye, maimakon babban tanda mai fanka.

Muna auna sinadaran benzin, toluwin da zailin, kuma tsarinmu yana farawa daga digiri 40 a ma'aunin Selsiyos ya hau a hankali zuwa 200. Matsalar ita ce, da ranar bazara ɗakin gwajin kan kai digiri 35, sai bututun ya daɗe bai huce ba, domin iskar da ke sanyaya shi ita ma da ɗuminta. Abin da ya fi damuna shi ne, ko bayan allon ya nuna 40, benzin yana fitowa da wuri fiye da yadda ya fito da safe, har ya haɗe da abin da ke gabansa.

Na duba matsin iskar hiliyam da ke tura samfur cikin bututun, na sauya robar mashigar samfur, ban ga yoyo ba. Zatona shi ne mashigar da ma'aunin ganowa, da ke kan digiri 250 a cikin akwati matsattse, suna zubo wa bakin bututun zafin da na'urar awon zafin bututun ba ta gani.

Shin tsawaita lokacin jira kafin a yi allurar samfur zai wadatar, ko dole sai an ƙara abin sanyaya mai aiki da lantarki, wato na Peltier? Kuma idan na ɗaga mafarin zuwa 50, yaya zan kare rarrabewar sinadarai masu saurin tashi?