Neman Kalmar Hausa: Ƙarafan da Ke Gicciye a Wuyan Jita

Jama'a, assalamu alaikum. Jitar lantarkin da na gada daga yayana ta fara ciwo tun damina. Duk lokacin da na danna tsirkiya kusa da kan jitar, sai sautin ya fito da karkarwa kamar ƙuda ya shiga kwalba, domin ƙarafan nan da ke gicciye a wuyanta sun cinye, tsirkiyoyi sun yi musu kwari. Na kai ta wurin wani mai gyara a nan Gusau, muka shafe rabin sa'a muna magana, amma ni da shi babu wanda ya kira ƙarfen da suna. Sai dai "wannan abin", ana nuni da yatsa. Turawa suna ce masa fret. Mu fa?

Ba abin mamaki ba ne a ce ba mu gaji kalmar ba. Molo da garaya da kuntigi da goge duk sandarsu sumul take, kunnen makaɗi ne yake gaya wa yatsarsa inda za ta tsaya. Tsirkiya muna da ita, muna da jaki, wato ɗan itacen da ke ɗauke da tsirkiya a kan fata, amma abin da kakanninmu ba su sa a kayan kiɗansu ba, ba su raɗa masa suna ba.

Kafin a raɗa suna, a san jaririn. Jitar lantarki takan ɗauki ƙarafa 21 ko 22 ko 24. Idan ka danna tsirkiya a bayan ɗaya daga cikinsu, ƙarfen ne yake tsayar da ita, ya rage tsawon ɓangaren da ke motsi, sauti ya hau. Tazarar da ke tsakaninsu ba ɗaya ba ce: kowane ƙarfe yana cin kusan kashi ɗaya cikin 18 na tsawon da ya rage, shi ya sa suke ƙara matsuwa yayin da ake gangarowa zuwa cikin jita. A jita irin Stratocaster ta kamfanin Fender, wadda ta fito a 1954, tsawon tsirkiya milimita 648 ne, ƙarfen farko yana zaune wajen milimita 36 daga sama, na 12 kuwa yana tsakiya daidai, a 324.

Mai gyaran yakan ce "firet", kuma ba na ƙin aro, tunda jita ma aro ce. Sai dai kalmar ba ta gaya wa mai koyo komai, jam'inta kuma yana sarƙe harshe. Wani abokina malamin makaranta ya kawo "mataki", bisa hujjar cewa wuyan jita tsani ne, sauti yana hawa ɗaya bayan ɗaya. Hujjar tana da kyau, amma ta fi dacewa da sautin da kansa, don haka ina ganin a ajiye mataki don tazarar da ke tsakanin sauti da sauti.

Wanda ya warware mini matsalar wani dattijo ne, tsohon makaɗin molo a unguwarmu. Na ce masa, "Baba, da za a sa wa molonka waɗannan, me za ka kira su?" Ya karɓi jitar, ya shafa wuyanta da babban yatsa, ya ce ai gaɓoɓi ne, kamar na rake. Tun daga ranar nake juya maganar. Gaɓar rake ko ta karan dawa zobe ce da ta gicciye jiki, ta raba shi kashi-kashi, kashin kuma ba su zama tsawo ɗaya ba. Abin da ya fi burge ni shi ne, Bahaushe yana cewa gaɓa yana nufin zoben, yana kuma cewa "ba ni gaɓa biyu" yana nufin abin da ke tsakanin zobba. Kalmar Turancin ma haka take aiki, tana nufin ƙarfen, tana kuma nufin gurbin da yatsa ke sauka. Saboda haka mai koyarwa zai ce "danna gaɓa ta biyar", mai gyara kuma, idan yana son bambancewa, ya ce "ƙarfen gaɓa".

Na san masana Hausa za su ce gaɓa tana da aiki a nahawu da karin waƙa, inda ake maganar doguwar gaɓa da gajera, kuma mawaƙi da makaɗi sukan zauna tabarma ɗaya. Gaskiya ne, amma jakin goge bai taɓa sa wani ya nufi turke ba.

Da wannan kalma aikin gyaran yana faɗuwa ba tare da inda-inda ba. Idan cin bai yi zurfi ba, sai a daidaita ƙarafan gaɓa da magagari, a sake fitar da doronsu, a goge su. Idan ya yi zurfi irin na tawa, sai sauyin ƙarafan gaɓa gaba ɗaya: a ɗumama kowanne da ƙarfen narka dalma, a cire shi a hankali don kada katakon ya tsage, a share ramin, a buga sabo da ƙaramar guduma, sannan a gyara bakinsa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a wurinmu, domin a hunturu katakon wuya yana bushewa ya tsuke, bakin ƙarafan ya leƙo yana yankar hannu. Yawancinsu haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya. Na ƙarfe mara tsatsa sun fi daɗewa, amma sun fi cin magagari, ladan aikin ma ya fi yawa.

Ƙarfen da kansa kashi biyu ne. Na sama, wanda tsirkiya ke hawa, na riga na kira shi doro. Na ƙasa, siririn nan mai ƙananan haƙora da ke nutsewa cikin katako ya riƙe, ni ina ce masa harshe, Baba kuma ya nace a kan saiwa. Wanda yake da ta cewa a kan wannan, ina saurare.