Man Fitila: Musayar Waƙa Kan Shirin Tafiya

Dattijon ikilisiya, Tudun Wada, Jos:

Salama gare ku cikin sunan Yesu Almasihu. Jiya muka dawo daga jana'izar abokina wanda muka yi shekara 40 muna zama a benci ɗaya a majami'a, kuma barci ya ƙaurace mini har sai da na rubuta waɗannan baitoci. Duk wanda zai amsa, ina roƙo ya riƙe amsa-amon “wa” a ƙarshen baitinsa.

Na fara da sunan Uba Mahalicci,
Da Ɗa wanda ya sha wuya da ƙunci,
Da Ruhu Mai Tsarki mai aminci,
Allah ɗaya, ya ba ni basirar tunatarwa.

Zabura ta 90 ta yi mana lissafi,
Saba'in ne shekarunmu, in kuwa da ƙarfi,
Tamanin ne, kuma babu wani tsafi
Da zai tsare ɗan Adam daga mutuwa.

Ni na haye saba'in da shekara uku,
Kwanakin rance nake ci, ina gaya muku,
Ku ba ni amsa, 'yan'uwa, don Allahnku,
Da me mutum zai gane ya gama shiryawa?

Ɗalibi, Anguwan Rukuba:

Sannunku da rashi, Baba, Ubangiji ya ta'azantar da ku.

Baba, ni ƙarshen zamani nake tsoro,
Domin ana wa'azinsa a kowane taro,
Yaƙi da yunwa da girgizar ƙasa sun faro,
Kamar yadda Matiyu 24 ya yi sanarwa.

Wani a Facebook ya zauna ya ƙirga,
Ya ce lokacin busa ƙaho ya riga ya shiga,
In gaskiya ne abin nan da ya hanga,
Me zai sa in ci gaba da karantawa?

Malamin Littafi Mai Tsarki, Bukuru:

Ɗana, an yi masu ƙirga tun kafin a haife ka,
Mabiyan William Miller can a ƙasar Amurka,
Sun tsayar da 22 ga Oktoban 1844 su duka,
Rana ta faɗi, babu alamar dawowa.

Harold Camping ma ya bi wannan hanya,
Ya ce 21 ga Mayun 2011 ce ranar shari'ar duniya,
Wasu suka bar aiki, suka ba da dukiya,
Suka wayi gari cikin kunya da damuwa.

Aya ta 36 a surar da ka ambata,
Ta ce ranar nan babu wanda ya san ta,
Ko mala'iku, ko Ɗan, ba su da labarinta,
Uba kaɗai ya riƙe ta, ban da kowa.

Ka koma aji ka ci gaba da neman ilimi,
Domin Yesu, wanda shi ne babban Malami,
Ya yabi bawa mai aiki maimakon mai tagumi,
Wanda maigidansa ya tarar yana ciyarwa.

Mama, Zumuntar Mata, Kabong:

Baba da Malam, ku yi mini haƙuri in sa baki. Ban yi makarantar Littafi ba, 'yar kasuwa ce ni, amma tambayar Baba ta taɓa mini wani miki wanda har yau bai warke ba.

Talata 20 ga Mayu ba ta fita a raina,
A 2014, ina kasuwar Taminus da kwandon tumatirina,
Muka yi cacar baki da abokiyar zamana,
A kan canjin ɗari biyu, har da zagi da rantsuwa.

Na ce ba zan ƙara gaishe ta ba har abada,
Na ɗauki jakata na nufi Farin Gada,
Ina hanya ƙarar bam ta tashi ta ruɗa
Garin Jos duka, wuta ta kama kasuwa.

Na biyu ya tashi a kan masu kai ceto,
Fiye da mutum ɗari aka ƙirga a rahoto,
Ita kuwa yanzu sai dai in gan ta a hoto,
Ta tafi da zagina kafin mu kai ga shiryawa.

Tun ranar na fahimci misalin budurwai goma,
Biyar da ba su riƙo mai ba suka fita nema,
Ango ya iso kafin su sami dama,
Aka rufe ƙofa, suka yi ta ƙwanƙwasawa.

Mai ba ya aruwa a tsakar dare,
Gafarar da ban nema ba muna tare,
Yau ko na yi kuka har hawaye su ƙare,
Babu kunnen da zai ji ni a kushewa.

Baba, ga amsata ga tambayarku,
Ku duba ko da mai ƙulli a ransa game da ku,
Yesu ya ce ku bar baiko a gaban bagadenku,
Ku fara zuwa ku shirya da ɗan'uwa.

Ɗalibi, Anguwan Rukuba:

Mama, maganarku ta sa jikina ya mutu,
Laifofina sun fi ƙarfin rubutu,
In mutuwa ta riske ni ina tsakiyar karatu,
Anya irina zai sami karɓuwa?

Malamin Littafi Mai Tsarki, Bukuru:

Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu,
Ba shi da ayyukan kirki da zai nuna su,
Hannuwansa a kafe, ba ya iya ɗaga su,
Ya ce a tuna da shi, Firdausi ya sami shigewa.

Alheri ne ke ceto, ba ladan aiki ba,
Afisawa 2 ce ta faɗa, ba ni na ƙaga ba,
Amma kada ka ce sai gobe za ka tuba,
Su biyu ne a wurin, ɗayan ya mutu yana kushewa.

Mama, nauyin nan ku kai shi gicciye,
Ubangiji ya ga kukan da kuke yi a ɓoye,
Ya yi alkawarin share dukan hawaye,
A birnin da babu makoki, babu mutuwa.

Dattijon ikilisiya, Tudun Wada, Jos:

'Yar'uwa, na yi tambaya ina zaton wasu nake tunatarwa, ashe ni ne amsar za ta kama.

Shekara tara ba na magana da ƙanena,
A kan iyakar gonar dankali ta mahaifina,
Ina cin Jibin Ubangiji da wannan a raina,
Ina jagorar addu'a, ina kuma koyarwa.

Na buga masa waya sau uku bai ɗaga ba,
Ban ga laifinsa ba, domin ban kyauta ba,
Motar Mangu zan shiga tun da asuba,
Ku sa ni a addu'a ya yarda da ganawa.

Mama, Zumuntar Mata, Kabong:

Baba, asuba tana hannun Mai Sama,
Ku aika masa da saƙo tun kuna da dama,
Ku ce ya gafarta muku, ko bai amsa ba ma,
Mu kuma muna nan durƙushe muna roƙawa.