Baba ya matsa a kai shi Argungu, ƙafa kuma ta ƙi: ina neman shawara

Salamu alaikum 'yan uwa. Daga Birnin Kebbi nake. Shekara 2 ke nan da mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki. Alhamdu lillahi sauƙi ya samu, yana dogara sanda daga ɗaki zuwa zaure, amma abin da ya wuce haka sai an tura shi a keke, keken da ko sunansa ba ya son ji, wai shi ba gurgu ba ne. Tun bayan sallah ya tasa mu gaba da maganar Argungu. Rabonsa da Gidan Kanta, gidan tarihin garin, tun yana saurayi, kuma yana son ya sake ganin Matan Fada, gulbin da ake kamun kifi. Yayanmu ya ce a jira lokacin bikin kamun kifi. Ni kuwa gabana faɗuwa yake. Wanda ya taɓa kai tsoho ko maras lafiya can, don Allah ya taimaka mini.

Ɗan Kabawa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ki ba Yaya haƙuri, ranar biki ba ranar mai sanda ba ce. Ni nan aka haife ni. In aka ba da izinin shiga ruwa, dubban masunta ke rugawa da homa da gora, 'yan kallo kuma na ture juna, ga ƙura, ga zafin ranar Fabrairu ko Maris. Mai ƙafa biyu ma da kyar yake tsira da takalminsa. Ku zo ranar da gari yake shiru, ku taso da an idar da asuba.

Inna mai jikoki: 'Yata, ni na kai tsohuwarmu bara waccan, bari in faɗa miki inda muka sha wuya. A kan kwalta keke lafiya lau. Muna sauka wajen bakin gulbi ƙananan tayoyin gaba suka nutse cikin rairayi, jikana yana turawa, ita tana neman kifawa ta gaba. Wani masunci ne ya ce mu juya keken, mu ɗaga gaban, mu ja shi da baya a kan manyan tayoyi. Nan take ya tafi. Ko da haka ba mu kai bakin ruwa ba, gindin wata itaciya muka tsaya, ta kalli kwale-kwale har ta gaji don kanta. Ki tafi da maza biyu masu ƙarfi. Kuma, ki gafarce ni, ki yi tunanin bayan gida tun daga gida, wanda ba ya iya tsuguno kujerar nan mai rami a tsakiya ita ce rufin asirinsa.

Malamin tarihi: Game da Gidan Kanta, ki tuna tsohuwar fada ce. Sarakunan Kabi sun zauna ciki har 1942, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. Ginin gargajiya kuwa kin sani, zaure bayan zaure, ga dokin ƙofa. Kada ku ce sai ya zaga ko'ina. Ku tambaye shi tun a hanya: makamai da tambura yake son gani, ko ziyarar kaburburan sarakuna? Abin da ya zaɓa ku fara da shi tun yana da ƙarfi. In Baba mai son labari ne, ku bar shi ya ba ku na 1934 da bakinsa, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu aka yi masa kamun kifi, bayan tsohuwar gabar Kabi da Sakkwato.

Ma'aikaciyar jinya: Ya sha maganin hawan jininsa kafin ku fita, ku riƙe na rana a jaka. Ku zaunar da shi gaban mota, ba baya ba. Mai tallafa masa ya tsaya ɓangaren da ya shanye, kuma kada a ja shi ta wannan hannun, kafaɗa na iya gocewa. Kada ya ƙi shan ruwa don gudun fitsari, tsofaffi sun iya wannan.

Ɗan Kabawa: Na manta. Kada a ciccibe shi gaban mutane sai in shi ya nema. Dattijo ya gwammace ya yi minti 5 yana ƙetare dokin ƙofa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta wa Baba duka. Ya yi dariya ya ce shi da ma ba biki yake nema ba, ya ga na zamaninsa. Ziyara yake son yi, sai kuma a saya masa kifi. Ya yarda da keken, da sharaɗin a ce masa kujera. Asabar in sha Allah za mu tafi, Yaya da autanmu ne masu ja da baya.