Kyamarar ɗaukar zafi za ta iya gano nakiyar da aka binne a hamada?

Sa'adatu:
Assalamu alaikum. Na karanta cewa har yanzu akwai miliyoyin nakiyoyi a cikin yashin El Alamein na Masar tun yaƙin 1942, haka kuma a gefen katangar yashi ta Yammacin Sahara mai tsawon kimanin kilomita 2,700. An ce yanzu ana gwada nemansu daga sama da kyamarar da ke ɗaukar hoton zafi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, nakiya ba ta da wuta a jikinta, kuma ƙasa ta rufe ta. To me kyamarar take gani?

Injiniya Bello:
Wa alaikumus salam, Malama. Ba nakiyar kyamarar take gani ba, yashin da ke kanta take gani. Kowane abu yana fitar da wani haske da idon mutum ba ya iya gani, gwargwadon zafinsa, kuma irin wannan kyamara tana kama wanda tsawon zangonsa, wato tsawon igiyar hasken, ke tsakanin maikuromita 8 zuwa 14 (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Idan rana ta fito, zafi yana ratsa yashi yana sauka ƙasa, amma roba da sinadarin fashewar da ke cikin nakiya ba sa wuce da zafi kamar yadda yashi ke yi, sai zafin ya taru a samanta, wurin ya ɗan fi kewayensa ɗumi. Da dare lamarin yana juyawa, domin nakiyar tana tare ɗumin da ke tasowa daga ƙasa, sai samanta ya fi saurin hucewa. A hoton za ki ga ɗan da'ira mai haske ko mai duhu, kamar tabon da faifai ya bari a ƙasa. Hamada ta dace da wannan aiki saboda tazarar zafin rana da sanyin dare tana da yawa, kuma babu ciyawar da za ta rufe fuskar ƙasa.

Malam Habu:
Bayanin Injiniya daidai ne, sai dai ina so a yi hattara, domin rayuka ake magana a kai. Sau biyu a kowace rana, wajen fitowar rana da wajen faɗuwarta, zafin yashin da ke kan nakiyar da na kewayensa yana daidaita, tabon ya ɓace ɗungurungum. Gajimare da iska mai ƙarfi suna rage bambancin, dutse ko gwangwanin da ke binne kuma yana iya ba da irin wannan alama. Babbar matsalar ita ce zurfi: abin da ya wuce kimanin santimita 10 da wuya ya bayyana, alhali iskar hamada tana kwashe yashi ta jibge shi a wani wuri, nakiyar da ke kusa da sama bana ta nutse baɗi. Saboda haka rashin ganin tabo ba ya nufin fili ya tsarkaka.

Injiniya Bello:
Gaskiya ne, Malam, babu mai cewa kyamarar ta maye gurbin mai tono da hannu. Amfaninta shi ne nuna inda za a fara. Ƙungiyar agaji ta Handicap International ta gwada jirage marasa matuƙa masu irin wannan kyamara a arewacin Cadi, yankin Faya-Largeau, inda nakiyoyin yaƙin Cadi da Libiya suke kwance tun shekarun 1980. Da yake sojoji kan jera nakiya a layi da tazara iri ɗaya, tabo a jere suna iya nuna fasalin filin.

Sa'adatu:
Na gode ƙwarai. Ke nan nakiyar roba, wadda na'urar gano ƙarfe ke shan wahala a kanta, nan ne kyamarar ta fi amfani?

Malam Habu:
Haka ne, domin ita kyamarar ba ruwanta da yawan ƙarfen da ke ciki. Amma duk wurin da ta nuna, sai an bi shi da na'urar gano ƙarfe, ko rada mai leƙa ƙarƙashin ƙasa, ko karnukan da aka horar su shinshino sinadarin, sannan ma'aikaci ya durƙusa ya buɗe yashin a hankali daga gefe.